Buhu Bakwai na Baƙin Yashi

Litinin, 13 ga Mayu

Yau jami'ai sun zo da jan fenti sun yi wa gidajen layinmu alama, daga na ƙawata Omana har namu. Kafin damina ta sauka kowa ya tashi. Ba wanda ya yi musu. Bara teku ya cinye madafar Omana da kwakwarta huɗu, bana kuwa mu ne a gaba. Tun ina budurwa kamfani ke kwasar baƙin yashi a bakin ruwan nan, teku yana bin sawunsa, ga shi yau ya iso ƙofar gidana.

An ba mu gida a sabuwar unguwa, can ciki, inda ƙasa ja ce kuma ba a jin ƙarar ruwa. Shaiju sai murna yake yi wai akwai famfo a cikin gida. Ɗana ke nan. Shekara tara yana aiki a injin kamfanin da ya ci garinsu, kuma famfo ne a gabansa.

Ni abin da ya dame ni yana kudancin gidan nan. A nan muka ƙona gawar ubansa a watan Agustan bara, muka kai ƙasusuwan teku, muka rufe ramin da tokarsa a ciki, muka dasa kwakwa a kai kamar yadda aka yi wa nasa uban. Kullum da magariba a nan nake kunna masa fitila. In ruwa ya rufe wurin, a ina zan kunna?

Laraba, 15 ga Mayu

Na gaya wa Shaiju zan tafi da yashin wurin. Zan zuba shi a kudancin sabon gida, in mayar da kwakwar a kai, ranar cikar shekara mu ajiye masa shinkafarsa a kan ƙasarsa, ba a kan ta baƙi ba.

Ya kira ni Amme, wato Mama, ya ce, "Yashi ne fa."

Na ce ai na sani, ban ce masa gwal ba ne.

Rajani, matarsa, ta fi shi hankali. Ta tashi ta je shagon rabon shinkafa ta roƙo mini buhuna.

Asabar, 18 ga Mayu

Na fara haƙa, raina ya ɓaci. Ruwan da ya hau a watan Nuwamba ya cusa wa wurin ƙazanta iri-iri. Leda, ƙayar kifi, guntun taru, baƙin man jirgi, har da kashin karnuka. Mutumin da ko ɗigon miya ya taɓa mundu, zanen da yake ɗaurawa, sai ya shiga ya sauya wani. Ba zan kai shi sabon gida da datti ba.

Na ɗauko babbar tasar tagulla ta bikinmu, na zauna a bakin ruwa ina rege yashin kamar shinkafa. A zuba, a juya, a karkata tasar. Dattin da fari-farin su bi ruwa, baƙin mai nauyi ya kwanta a ƙasa yana ƙyalli. Haka nake son sa. Fari kowane gari yana da shi, baƙin ne namu.

Omana ta zo ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu. Wai, "Banumati, miji kike wankewa ko kunu za ki dama mana?" Na ce shekara talatin da shida ina masa wanki, wannan ne na ƙarshe, ta bar ni in yi shi da kyau. Muka yi dariya. Can sai na ga ta juya baya tana share ido da gefen zani, sannan ta tsuguna tana miƙo mini ruwa.

Talata, 21 ga Mayu

Kwana huɗu. Buhu bakwai. Bayana kamar ba nawa ba.

Shaiju bai ga aikin ba, da sassafe yake fita. Ya dawo ya tarar da su a ɗaure, ya gwada ɗaga ɗaya, ya kalle ni ya ce me ya sa suka yi nauyi haka. Na ce ubansa bai taɓa zama mara nauyi ba. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ce ya je ya wanke ƙafa tukuna.

Wannan wankin ƙafar. Ina rege yashin nan ina tuna yadda muka sha faɗa a kansa. Shekara talatin da shida ina ajiye wa uban Shaiju buta a bakin ƙofa, ban ƙirga sau goma da ya taɓa ta ba. Ya taso daga kwalekwale ya wuce ciki da baƙin yashi har idon sawu, a tabarma, a gado, wata rana har a cikin shinkafa. In yi ta masifa ina shara, shi kuma yana cewa ai ƙasarsa ce ta biyo shi, ba zai kore ta ba.

Ɗan kuwa ban ɗaga masa ƙafa ba. Tun ranar da ya karɓi aikin kamfani na ce ba zai shigo mini da yashin injinsu ba, sai ya wanke. Shekara tara bai taɓa tsallake butar nan ba. Wani lokaci ina jin nauyin haka, amma ban janye ba.

Juma'a, 24 ga Mayu

Sun kama yashin.

Bari in rubuta yadda aka yi. Mun loda kaya a a-kori-kurar wani direba, Nizar, gado da tukwane a sama, buhunan a ƙasa, ni a gaba rungume da kwakwar a cikin bokiti. A shingen da ke bayan gada ma'aikatan haraji suka tsayar da mu. Sun ga motar ta zauna da yawa. Ɗaya ya kwance buhu, ya tura maganaɗisu a ciki, ya fito da shi ya yi gashi baƙi ƙirin. Sai ya ce ina takardar kaya.

Wace takarda? Na yi musu bayani tun daga farko. Shaiju ya yi, Nizar ya yi. Wani mai gashin baki ya ce wa ɗan'uwansa, a gabana, wai haka masu fasa-ƙwaurin baƙin yashi suke yi yanzu, su sa tsohuwa a gaban mota don a ji tausayi. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Suka sauke bakwai ɗin, suka ɗaure bakinsu da waya da hatimi, suka ba mu wata 'yar takarda. Kwakwar sun bar mini. Wai ita ba ruwansu da ita.

Asabar, 25 ga Mayu

Magariba ta yi na tsaya da fitila a hannu ban san inda zan nufa ba. Na ajiye ta a gefen bokitin.

Litinin, 3 ga Yuni

Mun je ofishinsu a birnin Kollam, ni da Shaiju. Bene na uku, ba ruwan sha. Wanda maganar take hannunsa sunansa Kuriyakos, dattijo ne, ya rina gashi amma girarsa ta tona masa asiri. Ya ba ni kujera, ya kira ni Amme ko da yake ba zan girme shi da shekara biyu ba.

Ya fara cike takarda ya ce in faɗi sunan mamacin. Shekara talatin da shida ban taɓa kiran sunan mutumin nan ba, ko a bayan idonsa. Na kalli Shaiju, Kuriyakos ya ce daga bakina ake so, ni ce mai ƙorafi. Na ce Pitambaran. Sai na ji kamar na tuɓe a kasuwa.

Daga nan ya yi mini bayani da kofi biyu a kan tebur. Ya ce doka ta raba yashin bakin teku gida biyu. Ya taɓa kofin farko: idan yana nan yadda teku ya bar shi, fari da baƙi a cakuɗe, to ƙasa ce kawai, mu biya 'yar tara mu ɗauki abinmu. Ya taɓa na biyu: idan kuwa an ware mai nauyi daga mara nauyi, ya tashi daga yashi ya zama ma'adini, kayan da aka sarrafa. Harajinsa daban ne, kuma ko na biya ba za a ba ni ba, domin mai lasisi kaɗai ke da ikon riƙe shi. Ya ce kada in ga kamar ƙaramar magana ce, manyan kamfanoni da manyan lauyoyi sun yi furfura a kotu suna jayayya a kan ko wanke yashi da ruwa sarrafawa ne.

Sannan ya tambaya ko an yi wa namu wani abu bayan an haƙo shi. Shaiju ya yi caraf ya ce a'a, Yallaɓai, haƙowa kawai aka yi. Ni kuwa, wawiya, sai na ji an rage mini aikina. Na ce yaya za a ce ba a yi komai ba, ni da na kwana huɗu ina rege shi a tasa har sai da ya fita tas?

Shaiju ya rufe ido. Kuriyakos ya ajiye biro, ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Fankar nan tana da ƙara, Amme. Ban ji abin da kika ce ba."

Amma ya ce dole a kai samfur ɗakin gwaji, kuma injin gwaji ba ya jin ƙarar fanka. Na ce su gwada mana, ai za su ga tokarsa a ciki. Ya ɗago kai. Ya ce in har aka sami toka ko ɓurɓushin ƙashi, ko kaɗan ne, shi zai rubuta cewa wannan ba kayan ciniki ba ne, makwancin mamaci ne, kuma zai tsaya a kai. Na fito da ƙarfina.

A bas, muna wuce garin Nindakara, Shaiju ya juyo wurina. Ya ce, "Amme, abin da kika yi da tasar nan, shi muke yi a injin. Ruwa, juyawa, mai nauyi ya kwanta. Shi ke nan aikin namu."

Na kawar da kai. Har muka sauka ina kallon taga.

Lahadi, 9 ga Yuni

Damina ta sauka. A nan ruwan sama ja yake gudu a ƙasa, kamar an yanka wani abu.

Alhamis, 20 ga Yuni

Omana ta zo da rogo da kifi, ita ma an ba ta gida a layi na shida. Ƙanenta ya je tsohon gari jiya. Gidanmu ya tafi. Bango ɗaya ya rage, na madafa, da ƙusar da nake rataye ludayi. Kudancin kuwa ruwa ne har ƙirji.

Ke nan buhu bakwai ɗin nan su ne duk abin da ya rage. Na ci rogon don kada ta ji babu daɗi.

Talata, 2 ga Yuli

Ganyen kwakwar ya fara rawaya. Rajani ta ce saiwar ta cika bokitin, in bari a dasa ta ko na ɗan lokaci ne, in yashin ya dawo a sake tonowa. Na ce ba za a sa ta a jar ƙasa ba. Ta ce, "Amme, za ta mutu fa." Na ce ta jira kamar yadda nake jira.

Na yi mata tsawa ba da laifinta ba. Yarinyar nan ita ke ba kwakwar ruwan shinkafa a ɓoye, na gan ta.

Asabar, 13 ga Yuli

Ban gaya wa kowa ba, na hau bas na je rumbun da suke ajiye kayan da aka kama. Mai gadi ya ce ba a shiga. Na zauna a kan dutse kusan awa biyu, da ya gaji da ganina ya buɗe mini ƙofar kaɗan. Suna can ƙurya, tsakanin kwalayen taba da wasu tayoyi, an rubuta musu 41 da alli. Ɗigon rufi yana sauka a kan na sama.

Na fito da fitila daga jaka, ya ce a'a, wuta a nan haramun ce, aikinsa zai tafi. Na roƙe shi ya matsar da su daga ƙarƙashin ɗigon. Ya gwada, bai iya ba shi kaɗai. Ya ɗora musu wani tsohon buhun leda, ya ce iyakarsa ke nan.

Na kunna fitilar a waje, a gindin katangar, iska ta kashe ta sau uku.

Laraba, 17 ga Yuli

Shiru. Shaiju ya buga waya, an ce sakamako bai fito ba. Saura wata ɗaya da kwana biyu cikar shekara.

Litinin, 22 ga Yuli

Ya fito.

Kuriyakos bai aiko a kira mu ciki ba, shi ya fito baranda da takardar a hannu. Tun daga nan na san ba labari mai daɗi ba ne. Ya ce a cikin kashi ɗari, casa'in da uku ma'adini ne mai nauyi. Ya ce mai gwajin ya buga masa waya yana tambaya wane inji ne ya yi wannan aikin, don ko na kamfani a zagayen farko ba ya kai haka. Da wata rana ce da na yi alfahari.

Na ce tokar fa?

Ya juya takardar ya nuna mini wani layi, kamar zan iya karanta Turancinsu. Ya ce babu. Ya sa an sake ɗiba daga kowane buhu, bakwai ɗin duka, an sake gwadawa. Babu ko ƙwaya.

Na ce ƙarya ne, ni na ga an rufe ramin da idona. Ya ninke takardar. Shaiju ya kama hannuna yana cewa mu tafi. Na fizge na ce sai an gaya mini inda ta tafi. Sai Kuriyakos ya ce, a hankali, kamar mai neman gafara:

"Toka ba ta da nauyi, Amme."

Ban san yadda na sauko benen ba.

Laraba, 24 ga Yuli

Ni na zubar da shi. Da hannuna, tasa bayan tasa, kwana huɗu, ina dariya da Omana.

Lahadi, 28 ga Yuli

Ba na iya rege shinkafa. Na ɗauki tasa jiya, da na karkata ta ruwan ya fara zuba sai na sake ta. Rajani ta tsince shinkafar daga ƙasa ba ta tambaye ni komai ba. Yanzu ita ke yi, a bayan gida, inda ba zan gani ba.

Laraba, 31 ga Yuli

Ranar Vavu, ranar da kowa ke zuwa bakin teku ya ba matattunsa shinkafa. Na ce ba za ni ba, Omana ta zo ta tsaya a ƙofa ta ce ko dai in fito ko ta shigo ta ɗauke ni, kuma bayanta ba shi da lafiya, alhakinta a wuyana.

Mun je tsohon gari. Ban gane wurin ba sai da ta nuna mini bangon madafar can cikin ruwa. Mutanen layinmu duk sun zo, kowa yana nuna wa 'ya'yansa ruwa yana cewa nan ne ɗakinmu.

Na gaya mata abin da takarda ta ce. Sai ta ce, "To ina kike so ya tafi? Mutumin da ko ranar aurenku sai da aka je aka kamo shi daga kwalekwale. Kin kai shi inda yake so, ke ce dai ba ki sani ba."

Na san don ta sanyaya mini rai ta faɗa. Bai sanyaya ba. Teku yana da shi shekara talatin da shida, da safe ya ɗauke shi da yamma ya dawo mini da saura. Wannan ɗan abin ne na ce nawa ne ni kaɗai.

Laraba, 7 ga Agusta

Wasiƙa ta zo. An yanke cewa ma'adini ne da aka ware. Kuriyakos ya rubuta cewa ba don ciniki aka ɗauko ba, saboda haka an yafe mana haraji da tara. Buhunan kuwa za a miƙa su ga mai lasisi mafi kusa.

Mai lasisi mafi kusa. Na tambayi Shaiju wane ne, ko da yake na sani. Ya sunkuyar da kai ya ce kamfaninsu ne.

Na tambaye shi me suke yi da shi in ya shiga injin. Ya ce a ƙarshe yawancinsa farin fenti yake zama. Baƙin yashinmu, farin fenti a bangon wani wanda bai taɓa jin sunan garinmu ba. Na ce madalla, sai ya gaya wa iyayen gidansa sun sami na banza, tsohuwa ta wanke musu kyauta. Ya tashi ya fita bai gama shayinsa ba.

Takarda ta ce babu shi a ciki. To. Amma a kan yashin nan aka haife shi, a kansa ya yi ɗinkin taru, shi ne ya bi ƙafarsa zuwa gadona. Wannan injinsu bai auna ba.

Talata, 13 ga Agusta

Yau Shaiju ya dawo da wuri, idonsa ja. Ya zauna a dakalin ƙofa ya ɗauki buta. Ya daɗe yana wanke ƙafar nan, ya ƙarar da ruwan ya sake cikowa. Ina daga taga ina kallon baƙin ruwa yana gangarawa yana shigewa cikin jar ƙasa. Bai ci abinci ba.

Laraba, 14 ga Agusta

Rajani ce ta gaya mini, muna kankare kwakwa. Ta ce kada in nuna masa na sani.

Jiya aka kai buhunan. Da ya ga lamba 41 ya je wurin shugaban sashensu ya roƙa a bar shi shi ya juye. Abokan aikinsa suka zo za su kama masa, ya ce a'a. Ya cire takalmi, a wurin da aka hana tafiya ba takalmi, ya ɗauki bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya a kansa har saman tulin. Kowanne ya kwance sai ya ce, "Acca, ni ne, Shaiju." Acca, wato Baba, yadda yake faɗa yana yaro in ya je taryen kwalekwalen ubansa da asuba.

Ta ce tulin babba ne, ya fi gidan nan tsawo, zai kai bayan sabuwar shekara kafin injin ya cinye shi. A gindinsa Shaiju yake tsayawa kullum.

Shekara tara ina ce wa yaron nan ya sayar da garinsu. Ban taɓa tambayarsa da me muke sayen shinkafa ba tun da kifi ya ja baya. Ban kuma taɓa tuna cewa shi ma ubansa ne ya mutu ba.

Litinin, 19 ga Agusta

Cikar shekara. Mun yi a kudancin gidan nan, a kan jar ƙasa, bokitin a gefe. Shaiju ya yi wanka ya zo da jiƙaƙƙen mundu, ya dunƙula shinkafa ya ajiye a kan ganyen ayaba, ya ja baya ya tafa jiƙaƙƙun hannuwa yana kiran hankaki. In hankaka ya ci, mamaci ya karɓa.

Ba su zo ba. A tsohon gari kafin ka tafa sau biyu sun cika wuri. Ya yi ta tafi har tafinsa ya yi ja, yana satar kallona.

Ban san lokacin da na tsoma hannu a ruwa na je na tsaya kusa da shi ba. Muka tafa tare. Can ɗaya ya sauko daga kan falwaya, wani ramamme mai tsigaggiyar jela, ya karkata kai ya ƙare mana kallo, ya ɗauki loma ɗaya ya tashi.

Omana ta ce shi ne, ba ta ko shakka, dubi yadda ya ci bai gode ba. Ni ban sani ba ko shi ne ko yunwa ce. Amma na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun ranar gada.

Alhamis, 29 ga Agusta

An ce Kuriyakos ya yi ritaya. Na aika masa da busasshen kifi ta hannun Nizar. Ban san ko yana ci ba.

Litinin, 9 ga Satumba

Jibi Onam, babban bikinmu na girbi. Bara ba mu yi ba saboda rasuwa, bana Rajani ta ce ko furanni kaɗan ne a zuba a ƙofa. Na ce ta yi abin da ta ga dama.

Kwakwar tana ƙasa tun ranar Alhamis. Bokitin ne ya tsage, ba wani abu ba, kuma ba zan sayi sabo saboda itace ba. Na haƙa mata rami a kudu. Ta fitar da sabon ganye ɗaya, ɗan siriri, ban sa rai ba tukuna.

Butar bakin ƙofa kuma na mayar da ita madafa, ina bukatarta a can. Ranar farko Shaiju ya dawo ya tsaya yana dube-dube, ya ce, "Amme, ina buta?" Na ce ni ba mai gadin buta ba ce, in zai shigo ya shigo, shayi yana hucewa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya shigo a kan yatsu kamar ɓarawo, ya bar mini sawu baƙi tun daga ƙofa har tabarma. Girman ƙafarsu ɗaya, ban taɓa lura ba.

Na yi masifa, mana. Na ce gida ya zama bakin teku, mutum ya yi ta shara kamar baiwa. Rajani ta zo za ta karɓi tsintsiyar na ce ta bar mini, ba ta iya ba.

Bai fi cokali ɗaya ba a rana, in na kakkaɓe har da naɗin wandonsa. Shara ce, dole a zubar da ita wani wuri, gindin kwakwar ne ya fi kusa. Yau kwana biyar. Da gashin Rajani a ciki, da ƙwayar shinkafa, da jar ƙura.

Ban wanke ba.